Daga Mamobi zuwa duwatsun Volta da iyali: me kwana biyar za su iya ɗauka?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana zaune a unguwar Mamobi a Akra, babban birnin Gana, ka samu hutun kwana biyar a watan Disamba, kana da mota ƙirar Sienna, kuma kana so ka ɗauki uwargida da yara huɗu da Hajiya mahaifiyarka, wadda ta haura saba'in tana kuma fama da gwiwa. Burinka ku ga magangarar ruwan Wli, ku hau dutsen Afadjato, ku shiga gandun dajin Kyabobo, sannan ku zarce gandun dajin Mole ku ga giwaye kafin ku juyo gida. Tambayarka ita ce ta ina za a fara, kuma ko motar za ta iya.

Motar za ta iya idan aka duba ta da kyau. Damuwata tana kan mutanen da ke cikinta. Na daɗe ina jan mota a wannan hanya, ina kai iyalai da ɗaliban Islamiyya, kuma shawarata ga duk mai gidan da ya zo mini da irin wannan lissafi ita ce ya tsara tafiyar daidai ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a motar. A gidanka su biyu ne: Hajiya da autan nan mai shekara huɗu. Abu na biyu da zai ɗaure maka hannu shi ne rana. A Disamba kafin ƙarfe shida ta faɗi, kuma hanyar gabas ba a yi mata tuƙin dare da iyali, saboda ramuka, da manyan motocin da suka lalace aka bar su a gefen titi ba fitila, da 'yan babur da ke fitowa daga ƙauyuka cikin duhu.

Saboda haka ka cire Mole tun yanzu. Tana can arewa kusa da Damongo, fiye da kilomita 600 daga Akra, kuma ba ta kan hanyarku ko kaɗan. Daga Nkwanta sai ka haye kogin Oti a Damanko, ka bi Bimbila da Yendi da Tamale kafin ka karkato yamma. Idan ka cusa ta cikin kwana biyar, abin da yara za su tuna shi ne bayan kujera da ƙura.

Kyabobo kuwa ina son in yi maka bayani sosai, don ina ƙaunar wurin kuma ba na so ka ɗauka raina shi na yi. Cikin gandayen daji bakwai na ƙasa da Gana ke da su, shi ne na tsaunuka na gaskiya. Yana kusa da Nkwanta a yankin Oti, a kan iyakar Togo, ya jingina da gandun Fazao-Malfakassa na can ƙetare. A nan ne dutsen Dzebobo yake, wanda ake lissafa shi na biyu a tsawo a ƙasar nan, ga kuma ƙauyen Shiare da aka gina gidajensa hawa-hawa a jikin dutse. Amma wuri ne na ƙafa. Dabbobinsa masu gudun mutane ne, suna cikin kurmi da kwazazzabai, ba za ka zauna a mota su zo su wuce ta gabanka ba. Duk abin da ya cancanci gani sai an yi sa'o'i ana hawa da gangara tare da ma'aikacin gandu. Hajiya za ta wuni a masauki ita kaɗai, autan kuma a wuyanka zai ƙare. Ga nisa: daga Hohoe akwai fiye da kilomita 100 ta Jasikan da Kadjebi. Sannan tun ƙarshen 2023 an sha sa dokar hana fita a garin Nkwanta saboda rikicin ƙabilanci, don haka ko wata rana za ka je, sai ka kira wani na zangon garin, wato unguwar Hausawa da Musulmi, ka ji halin da ake ciki. Ka ajiye Kyabobo sai ranar da za ka tafi kai da manyan yaranka biyu.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, kuma ya isa ya cika kwana biyar har a bar saura.

Ranar farko ku yi sammako. Da an sallame asuba ku hau hanyar Tema, ku karkata ta Afienya kafin motoci su cushe. Wajen kilomita 50 daga Akra za ku tarar da ƙofar gandun Shai a gefen titin Akosombo. Mutane da yawa suna wuce shi don ya yi kusa da gida, alhali ga iyali irin naku babu kamarsa, domin da mota ake zagayawa tare da ɗan rakiya. Fili ne na ciyawa da duwatsu suka tsaya a tsakiyarsa, akwai dabbobi dangin barewa, akwai jakin dawa da aka kawo daga waje, akwai tsuntsaye iri-iri. Hajiya na zaune a kujerarta za ta ga rabonta. Manyan yara su sauka su hau zuwa kogunan dutse, inda mutanen Shai suka zauna har 1892 da Turawan Ingila suka tilasta musu saukowa. Ɗan rakiyar zai nuna musu inda aka yi zama da inda ake buya, su ji tarihi a wurin da ya faru. Gargaɗi ɗaya: gwaggon biri ya cika bakin ƙofar, kuma ya san leda. Ku ɗaga gilasai, kada yaro ya fito da burodi a hannu, kada kuma a jefa musu abinci.

Kafin azahar kun isa Atimpoku. Ba sai ka nemi masu abinci ba, da ka rage gudu za su kewaye motar, mata da 'yan mata da akwatunan gilashi a ka, kowace tana miƙo hannu ta taga. Ku sayi abolo, wainar masara mai ɗan zaƙi da ake turarawa a kan ganye, da ƙananan kifin nan soyayyu da ake aunawa a leda, da jatan lande. Da ɗan yajin shito daga gida an gama abincin rana, kuma ba abin da zai sa maka shakka a ciki. Daga nan ku taka a ƙasa zuwa gadar Adomi, wadda aka buɗe a 1957, shekarar samun 'yancin kai. Baka guda ne na ƙarfe ya riƙe ta daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba ginshiƙi a tsakiyar ruwa. Madatsar Akosombo, da aka kammala a 1965, tana 'yan kilomitoci daga nan. Ana zagayawa da baƙi a kanta idan aka nemi izini a ofishin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, kuma yaron da ke karatun kimiyya zai ji daɗin ganin inda wutar gidansu ke fitowa. Ku yada zango a nan. Kada ka bar yara su shiga ruwan kogi ko na tafki a bakin gaɓa: akwai tsargiya, ta fata take shiga, sai bayan makonni ka ga yaro yana fitsarin jini.

Rana ta biyu ita ce ta doguwar tafiya. Ku haye Adomi, ku wuce Juapong, a mararrabar Asikuma ku ɗauki hannun Peki da Kpeve da Have. Daga nan duwatsu za su fara rakiyarku ta dama. A Logba Alakpeti akwai hanyar da ta shiga Tafi Atome, ƙauyen da birai suke zaune tare da mutane. Mutanen garin suna girmama waɗannan birai bisa al'adar kakanninsu, shi ya sa ba a taɓa su, kuma tun shekarun 1990 suka mai da kurmin wurin ziyara da kuɗinsa ke shiga aljihun gari. Ba aƙidarmu ba ce, amma baƙi muke, ka ja wa yara kunne kada wanda ya yi jifa ko ya yi dariyar raini. Ana sayen ayaba, ɗan rakiya ya yi kira, sai ka ga rassa suna motsi, biri ya diro kafaɗar yaro ya ɓare ayabar tana hannunsa. Da sassafe ko bayan la'asar suka fi fitowa. Idan aka yi tsautsayi ɗaya ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare. Ku shiga Hohoe da sauran rana, ku kama masauki na kwana biyu. Rashin kwashe kaya kowace safiya hutu ne babba ga uwargida.

Wli ita ce zuciyar tafiyar, ka ba ta rana guda cur. Daga Hohoe wajen kilomita 20 ne. A ofishin baƙi za ku biya, a haɗa ku da ɗan rakiya. Hanyar magangarar ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, cikin inuwa, ana tsallaka rafin Agumatsa sau da yawa a kan ƙananan gadoji. Mai ƙarfi yana yin ta cikin minti 45. Da Hajiya ku ba ta sa'a ɗaya da rabi, ku riƙe mata 'yar kujera mai naɗewa da sanda, a zauna duk inda ta ce a zauna. Na ga tsofaffin da suka girme ta sun kai, muddin ba a gaggauta su ba. Idan gwiwar ta ƙi a ranar, akwai wurin zama a bakin ofishin, wani ya tsaya da ita.

Tun kana nesa za ka fara jin rugugi ƙasa-ƙasa. Sai iska ta canza, ta yi sanyi, ta fara kaɗa mayafai. Kana fita daga cikin bishiyoyi sai ga ruwa fari yana zubowa daga kan dutse, wajen mita 80, feshinsa yana jiƙa fuska tun ba ka matsa kusa ba. Ka ce wa yara su ɗaga kai su dubi jikin dutsen: abin da za su ɗauka busassun ganye ne jemagu ne, dubbai, a rataye. In wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya, sama takan yi duhu-duhu. A nan ne na sha ganin dattijai sun yi shiru, sai tasbihi kawai kake ji. Yara su yi wasa a bakin ruwan inda bai wuce gwiwa ba, kada su matsa ƙarƙashin inda yake faɗowa, kuma duwatsun suna da santsi. Akwai magangara ta sama, amma hawanta sa'o'i ne a kan tudu mai tsayi, ba ta wannan zuwan ba ce. Ka kuma kauce wa ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. A ranakun nan wurin yakan cika da 'yan shaƙatawa da kiɗa, ba za ka samu natsuwar da ka ɗauko mahaifiyarka dominta ba. Safiyar ranar aiki ta fi.

Rana ta huɗu a raba ayari. Kai da manyan yara biyu ku fita tun duku-duku zuwa Liati Wote, ta mararrabar Golokwati, ku hau Afadjato. Littattafan makaranta sun ce tsayinsa mita 885, kuma shi yara suka haddace a matsayin dutse mafi tsawo a Gana, don haka tsayawa a kansa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Hawan bai da nisa, sa'a ɗaya ko ƙasa da haka, amma a miƙe yake, wasu wuraren sai an kama saiwa ko igiya. Kowa da ruwansa lita ɗaya da rabi, da takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa. Saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, a nan ake zamewa. Mai shekara takwas da autan, in uwargida tana da ƙarfi, akwai magangarar Tagbo a ƙauyen nan, tafiya ce ta cikin gonakin koko ba hawa mai yawa. Hajiya kuwa ta huta a Hohoe, ko ka kai ta zango ta wuni wurin mata 'yan'uwanta. Za a karɓe ta hannu bibbiyu, kuma ba mamaki kafin la'asar an gano dangantaka da wani gida a unguwar Nima ta Akra.

Sai dai ka san abin da hunturu ke yi. A ƙarshen Disamba hazo yakan rufe nesa, daga kan dutsen za ku ga ƙauyukan ƙasa da tsaunukan Togo dishi-dishi. A madadin haka hanya a bushe take, ba santsi, ba zafi mai yawa. Da zaɓi a hannunka yake, da na ce Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke amma magangara na da ƙarfi, daji kuma kore shar.

Da la'asar ku tattara ku hau Amedzofe, ta Fume da Biakpa da Vane, ku kwana can. Gari ne a kan tsauni, cikin mafi tsawo da mutane ke zaune a ƙasar nan, da tsofaffin gine-ginen 'yan mishan na Jamus da kwalejin horon malamai. Da safe yara su taka zuwa kan dutsen Gemi, inda aka kafa gicciyen ƙarfe, hawa ne mai sauƙi. Dare a can da sanyi, sanyin da ɗan Akra bai saba da shi ba. Ku tafi da rigunan sanyi, kuma a cika wa Hajiya fulas da ruwan zafi tun dare saboda alwalar asuba. Ku sauko ta Dzolokpuita zuwa Ho, ku komo Asikuma, ku shiga gida kafin magariba.

Wannan hawa na Amedzofe shi ya kawo mu maganar mota, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau, domin direban Akra gwani ne a cunkoso amma bai saba da gangara ba. Mota mai mutum bakwai da kaya tana da nauyi. Idan ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama ba ɗagawa, ƙarfen yana yin zafi, zafin ya kai ga man birki. Man birki kuwa yana shan danshi idan ya daɗe, kuma wanda ya sha danshi da wuri yake tafasa. Da ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse kamar ka taka soso, motar kuma tana ci gaba da tafiya. Maganin shi ne inji ya riƙe motar. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. A Sienna ka sauke ta zuwa 2 ko L tun kafin gangarar ta fara, ka riƙa taka birki da ɗan ƙarfi kana saki. Injin zai yi ƙara, wannan ba komai ba ne. Kada ka taɓa sa ta a furi don tsimin mai. In ka ji ƙauri, ka samu wuri mai faɗi ka tsaya ta huce, kuma kada a watsa wa ƙarfen ruwa. A kwanar da ba ka ganin gabanka ka danna oda, ka tsaya a hannunka. Inda hanya ta matse, mai saukowa ne ke ba mai hawa wuri. A wajen hawa kuma ka kashe na'urar sanyi, idonka na kan allurar zafi. In ta tashi ka tsaya, amma kada ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sarai.

Mako guda kafin tafiya ka kai ta wurin makanikenka, ba ana gobe ba, don in an canza wani abu ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari. Ya duba ko birki ya cinye, ya canza man birki idan ya kai shekara biyu, ya duba ruwan lagireto da fanka da bel. Taya kuma ka duba da idonka. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Yawancinmu tayar da aka yi amfani da ita a Turai muke saye, zanenta da kyau amma robar ta tsufa. Wadda ta wuce shekara shida, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ba ta hanyar dutse ba ce. Safaya ma a buga mata iska, a tabbatar jak yana aiki. Lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, tukunyar kashe gobara da jan allon nan mai kusurwa uku, duk su kasance a kusa, akwai shingaye a hanya. Tanki in ya kai rabi ka cika a Atimpoku ko Hohoe ko Ho. Kowa ya ɗaura bel, autan kuma a baya, ba a cinyar wani a gaba ba.

Yara za su yi jiri a kwane-kwane. Dalili shi ne ido yana kan waya yana cewa a zaune ake, kunnen ciki kuma yana jin ana juyi. A karɓe wayoyi a wuraren hawa, su dubi nesa ta gilashin gaba, a ɗan buɗe taga, a ba su alewar citta, kada a cika musu ciki da maiƙo kafin a tashi. Leda da tsumma su kasance a aljihun kujera. Hajiya ta zauna inda za ta miƙe ƙafa, a tsaya duk bayan sa'a ɗaya da rabi ta taka kaɗan. Magungunanta su kasance a jakar hannunta tare da katin inshorar lafiya, ba a ƙasan kaya ba. Ka ƙara da gishirin zawo, da maganin zazzaɓin yara, da man korar sauro.

Abinci da salla ba za su ba ka wahala ba. Hohoe da Ho duk suna da zango da masallatai, za ka samu koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da hantsi, tuwo da dare. A ƙauyukan dutse ne za ka yi hattara, domin gidajen abinci suna dafa naman daji da na alade. Ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi, ko ka tsaya kan kifi da akple, wato tuwon masara, da miyar kuɓewa. Guzurin gari da sukari da madara da gyaɗa da burodi da dafaffen ƙwai yana fid da mutum kunya. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da wajen kilomita 80, kuma ba inda za ku yi niyyar zaman kwana huɗu. Buta biyu, galan na ruwa da tabarma su zauna a bayan mota. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, ka daidaita ta da Hohoe.

Kuɗin shiga wuraren nan ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, da tsakanin babba da yaro, don haka ku riƙe katin ɗan ƙasa da na makarantar yara. Ka tafi da tsabar kuɗi ƙanana, saboda a gindin duwatsu layin waya yakan ɗauke, wani lokaci ma na Togo ne zai shigo maka, MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta ƙi tafiya. Ka karɓi rasit, kuma ka sallami ɗan rakiya da abin kirki. Yawancinsu 'yan ƙauyen ne, da wannan suke riƙe gida, su ne kuma ke gyara hanyoyin da kuke takawa.

Mole kuma ka ware mata hutu nata, a Fabrairu ko Maris, lokacin da rani ya tsananta giwaye ke saukowa tafkin da ke ƙarƙashin tudun masaukin, har mutum yana zaune a kujera yana kallonsu. Wannan ita ce ta Hajiya. Ku bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ku kwana a hanya, kuma ku tsaya a Larabanga ta ga tsohon masallacin laka da ke 'yan kilomitoci kafin ƙofar gandun. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaishe mini da Hajiya.